Finjalai a Bayan Sif

Litinin, da hantsi

Na dawo gida ɗaukar wa Kurciya kaya. Inna, mahaifiyar maigidana, ita ta kore ni daga asibitin. Ta ce na fara warin ɗakin jinya, in je in yi wanka, ita za ta zauna da jikarta. Ban so tahowa ba. Tun da aka kwantar da yarinyar nan ban yi nisa da gadonta ba, ina kallon ƙirjinta yana lotsawa ƙarƙashin haƙarƙari duk sanda ta ja iska. Ko zama ba ta gama iyawa ba, ga robar iska a hanci.

Ɗakin yana nan yadda muka bar shi. Gadonta, gadonmu, da bangon nan shuɗi mai sheƙi da Babanta ya yi mata da hannunsa. Ya ce ba zai yiwu mai fenti ya gyara gidajen mutane, 'yarsa ta buɗe ido a kan mummunan bango ba.

Safarta ɗaya ta faɗa bayan sif. Na kwanta a ƙasa na haska da fitilar waya.

Wasu abubuwa sun tsiro a gindin bango, inda kafet ya ƙare. Kamar ƙananan finjalai, launin shayin da madara ta yi wa yawa, a jere cikin duhu, kowanne bakinsa a sama kamar yana jiran a zuba masa wani abu. Babban cikinsu bai kai tafin hannun Kurciya ba. Na taɓa shi. Sanyi, laushi, kamar kunnen jariri.

Ina kwance a haka wayar ta yi ƙara a hannuna. Inna ce. Ta ce, "Ke, 'yarki ta sha madara, har ta fizge mini ɗankwali. Ki zo da kwalbar nan babba."

A littattafan da nake karantawa ba a yi wa mutum albishir haka kawai. Sai an fara nuna masa alama. Ban gaya wa kowa ba. Safar ma na bar musu ita.

Talata, da yamma

An rage mata iskar. Nas ta ce ta fi jiya.

Laraba, bayan la'asar

Babanta ya zo daga aiki bai ko wanke kai ba, ɗige-ɗigen farin fenti har a gira. Inna ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Wa ya buɗe wa zabo ƙofa?" Matar gadon kusa da mu ta yi dariya har ta tashi ɗanta.

Ya tarar ina karatu. Ya ce, "Gimbiya, har yanzu attajirin bai gane ita ce ba?"

Na ce ba zan taɓa sani ba, tunda wani ya yage ƙarshen littafin.

Ya sosa ƙeya. Ashe shi ne. Takarda ta ƙare masa ranar da zai rufe gilashin tagogin wani gida kafin fenti, ya ɗauka na gama da littafin. Ya ce, "Ƙarshen yana nan manne da salatif a tagar kicin ɗin mutane. In kina so in kai ki ki karanta ta waje."

Na yi niyyar yin fushi, sai Kurciya ta yi wannan kukan nata na cikin maƙogwaro, wanda ya sa muka raɗa mata sunan. Rabon da mu ji shi tun kafin ciwon. Duk muka sunkuya kanta. Ya sa mata yatsansa mai fenti ta riƙe.

Zan ƙarasa wa littafin ƙarshe da kaina. Na saba.

Alhamis, da hantsi

Na ce da Inna zan je wanki. Na yi wankin, amma ba shi ya kawo ni ba.

Finjalan sun ƙaru. Babban ya buɗe ya baje kamar faranti, ƙanana sun fito a gefensa. Na ga kamar ƙura a cikinsa, na hura. Ba abin da ya faru. Har na fara ja da baya sai wani siririn hayaƙi ya tashi daga cikinsa, ya ratsa hasken wayar, da 'yar ƙara can ƙasa-ƙasa kamar wani ya saki numfashi ta haƙori.

Na ba shi numfashi, ya mayar mini.

Na daɗe a kwance kumatuna a kan kafet. Kafet ɗin da ɗan sanyi a wajen.

Asabar, da azahar

Na ciri ƙarami ɗaya na sa a murfin kwalba na hau sama wurin Malama. Ita ce ke zaune daidai saman ɗakinmu. Ta koyar da ilimin halittu a makarantar 'yan mata har ta yi ritaya, tagoginta duk tukwanen shuke-shuke ne. Tana ganin murfin ta manta da gaisuwar da take yi, ta ɗauko gilashinta mai ƙara girman abu.

Na ce, "Malama, laimar kwaɗi ce?"

Ta ce, "Kin ga sanda? Kin ga hula? Danginsu ne dai na nesa. Waɗannan sunan gidansu Peziza." Ta sa na maimaita har na iya. Ta ce gida ne babba mai 'ya'ya da yawa, kowa da inda yake so. Akwai wanda ba ya fitowa sai inda wuta ta ci, a kan toka. Akwai na tulin taki. Akwai na ruɓaɓɓen itace, akwai wanda ke binne kansa a yashi. Kama suke yi sosai, har masana sai sun sa ƙurarsu a madubin bincike kafin su rabe su. Hayaƙin da na gani kuwa irinsu ne. Suna tara shi su yi shiru har iska ta motsa. Ta ce, "Shi ya sa in kin hura sai kin ɗan jira."

Na ji kamar tana ba ni labarin 'yan'uwan da aka raba tun suna yara, kowa ya tashi a wata ƙasa.

Ta ce akwai kuma ɗaya da ya fi son gidan mutane, filasta da kafet da ƙarƙashin bene. Domiciliana. Ta juya murfin ta ce, "Wannan yana kama da shi. A ina kika samo?"

Na ce a waje, gindin matattakala.

Ban san me ya sa na faɗi haka ba. Na sani. Da na ce a ɗaki, da yau an kankare su.

Ta ce, "To da sauƙi. Shi ba ya cizo, ba ya cin kowa. Amma ba ya zuwa sai inda ruwa ya daɗe yana kwance, kuma ba shi kaɗai ke son irin wurin ba. In kin taɓa ganinsa a cikin ɗaki, 'yata, kada ki tsaya kallo. Ki kira mai gyaran famfo."

Asabar, da magariba

Jikinta ya ɗan yi zafi. Nas ta ce ba komai, haƙori ne.

Ba zan sake cirar ko ɗaya ba.

Talata, da safe

An sallame mu.

Likita ta tsayar da mu kafin mu fita. Doguwa ce, ba ta ɗaga murya. Ta tambaya ko akwai mai shan taba a gidan. Babu. Ko muna girki da gawayi a ɗaki. A'a. Sai ta ce, "Danshi fa? Bango mai jiƙewa, ko funfuna a wani lungu? Ƙirjin yarinyar nan ba ya son wasa."

Babanta ya gyara tsayuwa. Ya ce, "Likita, gidan mai fenti ne fa. Ki zo ki shafa bangon, in hannunki ya jiƙe na bar sana'a."

Ta yi murmushi, ta juyo gare ni. "Maman yarinya?"

Kurciya tana kafaɗata, numfashinta a wuyana, a hankali, ba ƙara. Na ce a raina, tun da suka fito take samun sauƙi. Na ce a raina, bangon a bushe yake, ni ma na shafa. Na ce a raina, bari ta ƙara ƙwari tukuna.

Na gyara mata hula. Likita ta rubuta abin da ta rubuta.

Alhamis, da yamma

Ta yi zama ita kaɗai, ta daɗe kafin ta kife. Inna ta koma gidanta, ta ce ta bar mu da rigimammiyarmu.

Juma'a, da hantsi

Kwana biyun nan kamar a littafi. Rana tana shigowa ta faɗa kan bangon shuɗi, ɗakin ya zama kamar cikin ruwa. Na shimfiɗa ta a gadonmu ina karanta mata, ina canza murya in attajirin ya yi magana. Tana kallon bakina.

In ta yi barci sai in leƙa su. Ban cika hurawa ba yanzu, sai sau ɗaya.

Akwai wani wari da safe kafin a buɗe taga, kamar tawul da aka manta a bokiti. Na kunna turare.

Lahadi, bayan azahar

Babanta ya gani. Ba su ba, bangon. Fentin ya kumbura a gefen sif, kamar ƙuna a fata. Ya danna da babban yatsa, ya yi tsaki, ya fita ya dawo da fotin cike ramin bango da buroshi da ragowar shuɗin.

Ya ce, "Wurin nan ba ya jin magana. Kullum sai na bi ta kansa."

Na ce, "Kullum?"

Ya ce tun kafin a haife ta yake yi, gini ne tsoho, gumi yake. "Fentin mai ne maganinsa. In ka rufe masa baki sosai sai ya haƙura." Ya kama gefen sif ɗin zai ja don ya kai ciki.

Na ce, "Yallaɓai, bar shi mana, wa zai ga bayan sif? Ƙafarsa ɗaya ma rawa take, kada ya zube mana."

Ya ce, "Yau Gimbiya ce ke rage mini aiki?" Ya sake shi.

A falo za mu kwana saboda warin fenti. Aikin ya yi kyau. Ko ni da na san wurin sai na duba sosai.

Laraba, da safe

Tari kaɗan. Sau biyu ko uku, busasshe.

Laraba, da la'asar

Bakin manyan ya fara bushewa, ya naɗe ciki, ya yi duhu. Na tsaya ina kallonsu, ina jin tarin daga gadonta.

Na ɗauko cokalinta na roba da ruwa a kofi. Kaɗan na zuba, a gindinsu kawai.

Na san abin da Malama ta ce. Amma ita Malama ba ta kwance a ƙasan nan lokacin da wayar ta yi ƙara.

Alhamis, da hantsi

Sun miƙe. Ita ma ta sha madara da kyau.

Asabar, da yamma

Na haɗu da Malama a matattakala tana saukowa da kwandon shara. Ta yi wa Kurciya wasa, ta sa kunne a bayanta, fuskarta ta ɗan canza. Ta ce, "Ƙirjin nan yana busa sarewa."

Na ce muna ba ta magani.

Ta ce famfonta ya rage ƙarfi kwanan nan, ta gaya wa mai gidan, ya ce zai turo a duba, har yau shiru. Sai ta ce, "Af, na je gindin matattakalar nan da gilashina, har na ɓata gwiwar zanena. Ban ga ko ɗaya ba. Wurin ma a bushe yake ƙamas."

Na ce wataƙila masu shara sun kwashe.

Ta dube ni kamar yadda nake jin tana duban ɗalibar da ta ce ta manta aikinta a gida. Na ce na bar tukunya a wuta.

Lahadi, da safe

Na zuba musu.

Litinin, da safe

Na zuba musu. Tarin ya sauka ƙirji.

Talata

Mun koma asibiti. Ɗakin jinya ɗaya, gado daban. Na kusa da ƙofa, wanda nas-nas ke iya gani daga teburinsu.

Laraba, da azahar

Wannan karon ba robar hanci ba ce, abin rufe fuska ne, ya fi fuskarta girma. Inna ta dawo. Ba ta tsokani kowa ba, carbinta kawai take ja.

Na buɗe littafin na rufe. Mutanen ciki suna ta magana a kan zobe.

Laraba, bayan la'asar

A baranda na gaya masa. Yana tsaye ya jingina da bango yana kankare fentin farcensa.

Na ce, "Baban Kurciya, ka je gida ka ja sif ɗin nan."

Ya ce, "Wane sif kuma ana wannan hali?"

Na ce, "Ka je da mai gyaran famfo. Ka kira Malama ta sauko."

Ya daɗe yana kallona. Ya tafi.

Alhamis, da hantsi

Sai yau da safe ya dawo. Hannunsa baƙi har wuyan hannu, ba baƙin fenti ba.

Ya zauna a bencin baranda ya ba ni labari yana kallon ƙasa. Bututun da ke kai ruwa sama ya tsage a cikin bangon, mai gyaran ya ce ya daɗe. Bayan sif ɗin baƙi ƙirin da funfuna, katakon har ya ruɓe. Da suka ɗaga kafet, ƙasan ma haka, har ƙarƙashin gadonta. Da ya sa ƙarfe a bangon, fentin ya taso gaba ɗaya kamar fata, filastar ciki kuwa kamar ƙullu.

Ya ce, "Shuɗi, ƙarƙashinsa shuɗi, ƙarƙashinsa fentin ruwan madarar da na yi mana lokacin da muka tare. Duk hannuna ne. Ban bar masa ko ƙofar allura da zai sha iska ba."

Na ce, "Finjalan fa?"

Bai kamata in tambaya ba.

Ya sa hannu a aljihu ya ciro cokalinta na roba da safa ƙwaya ɗaya. Ya ɗora mini a cinya. Ya ce, "Kofin na bar shi a can."

Ya tashi ya shiga wurinta. Inna ta matsa masa a bakin gadon.

Alhamis, da yamma

Na tare likita a hanya na gaya mata duka, har cokalin. Ta saurara har ƙarshe.

Na ce, "Shi ne?"

Ta ce ba za ta iya cewa shi ne ba, ba kuma za ta iya cewa ba shi ba ne. Ta ce yanzu ba wannan ne a gabanmu ba. Ta dafa kafaɗata ta wuce.

Da a littafi ne da ta faɗi ɗaya.

Juma'a, da safe

Ta buɗe ido ta gan ni. Ina jin ta gan ni.

Asabar

Sun ce mu fita baranda.

Lahadi

Takalman masu ta'aziyya a bakin ƙofa har matattakala.

Talata

Mutane suna faɗin abin da ake faɗa, ina amsawa yadda ake amsawa. Malama ta sauko ta zauna kusa da ni tun safe har azahar. Da za ta tafi ta riƙe hannuna da ƙarfi har ya yi mini zafi.

Alhamis, da yamma

Inna ta ninke kayan Kurciya ta sa a jaka ta tafi da su. Ta ce gadon ma wani zai zo ya ɗauka. Ta tsaya a ƙofa ta ce, "'Yata, ki ci wani abu, ko don ni." Ba wanda ya gaya mata maganar cokalin. Na gane ba zai gaya mata ba.

Asabar, da hantsi

A falo muke kwana, shi a ƙasa ni a kujera. Bai koma aiki ba. Buroshinsa suna cikin gwangwani a bakin ƙofa, bai jiƙa su ba, sun sandare. Shi da ba ya cin abinci sai ya wanke su.

Ba ya ce mini Gimbiya. Ba ya ce mini komai mai zafi kuma. Jiya ya miƙo mini shayi, na karɓa, muka ce wa juna sannu kamar waɗanda suka haɗu a layin asibiti.

Mai gidan ya turo a ce za a yi sabuwar filasta, in ta bushe maigidana ya yi fentin. Ya ce su nemi wani.

Litinin, bayan la'asar

Na shiga ɗakin.

Babu sif, babu kafet, babu gadonta. Bangon tsirara, bulo a waje, sabon bututu fari a tsaye a cikin ramin. An bar taga a buɗe. Ba wari. Ɗakin ya bushe sarai, irin ɗakin da likita take tambaya.

Sun share komai, amma a kusurwa, cikin wata tsaga ta siminti, akwai ɗaya da tsintsiya ba ta kai ba. Ƙarami ne. Ya yanƙwane ya yi baƙi-baƙi, bakinsa ya naɗe ya kusa rufewa.

Na kwanta a ƙasa. Simintin da ɗumi. Na matso da fuskata na hura masa a hankali, yadda nake hura mata madara.

Malama ta ce sai an ɗan jira.

Ina nan kwance. Rana ta bar bangon, na ji Babanta yana kiran sunana daga falo, ban amsa ba tukuna.